Kafin ka ce a yi fomat: yadda ake gane inda Linux ta maƙale in kwamfuta ta ƙi tashi

Wata Asabar da hantsi wani malamin Islamiyya daga Nima ya shigo shagona nan wajen Circle a Accra da laftof a cikin jakar leda, kana ganin fuskarsa ka san bai yi barci ba. Ubuntu ce a kai, wani nau'in Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, wani tsohon ɗalibinsa ne ya sa masa, kuma sunayen yara da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta duk suna ciki, babu kwafi a ko'ina. An ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, batirin kuwa dama ya daɗe da mutuwa, da wuta ta dawo ya kunna sai ga baƙin allo da farin rubutu, can ƙasa kalmar initramfs cikin baka biyu, ɗan layi yana ta ƙifta ido. Kafin ya iso wurina ya biya shago biyu, duka amsa ɗaya suka ba shi, wai "Malam sai dai a yi fomat a sa Windows."

Na ce Malam zauna tukuna. Na karanta abin da ke saman allon, injin da kansa ya rubuta cewa fatishin /dev/sda2, wato wani yanki na diskin, ya hargitse, a yi masa fsck da hannu, umarnin da ke duba fatishin ya gyara shi kenan. Na buga fsck -y /dev/sda2, ya yi ta gyare-gyarensa, na buga exit, sai ga hoton Ubuntu ya fito. Ko kokon da yaron shago ya sayo min bai huce ba.

Wallahi abin nan yana cina. Ba mugunta ce ke sa 'yan'uwanmu masu gyara cewa fomat ba, da yawansu sun fi ni iya canza allo da liƙa waya a kan bod, kawai dai da sun ga baƙin allo da turanci sai su ɗauka komai ya lalace. Alhali Linux, in za a faɗi gaskiya, ba ta cika mutuwa shiru ba, kusan kullum sai ta faɗi inda ta tsaya, mu ne ba ma karantawa.

Tashin kwamfuta ba abu ɗaya ba ne, miƙa-miƙa ne. Kamar ka aiki yaro daga Nima zuwa Kumasi, zai hau trotro zuwa Circle, ya shiga babbar mota, a tsaya a hanya wajen Nkawkaw, ya sauka a Kumasi sannan ya nemi motar Aboabo. In dare ya yi bai iso ba ai ba za ka ce duk hanyar ta lalace ba, tambaya za ka yi a ina aka gan shi na ƙarshe. To haka ne. BIOS ko UEFI, wato ɗan shirin da ke cikin bod ɗin injin, ita ce ke fara farkawa, ta miƙa wa GRUB, shirin da ke loda Linux, GRUB ya ɗauko kenel, zuciyar tsarin, da initramfs, ɗan guzurinta, ya loda su cikin RAM, kenel ta nemo diskin da tsarin yake kai, sannan ta kira wani shiri mai suna systemd, shi kuma ya tada sauran abubuwa har zuwa inda kake sa fasuwod. Kowane zango da irin kukansa, kuma in ka gane kukan rabin aiki ya ƙare.

Zangon farko ba sai mun daɗe a kai ba. In ka ga No bootable device ko makamancinsa, Linux ba ta ma san an kunna injin ba. Yawancin laftof ɗin da ke hannun mutanenmu na hannu ne daga Turai ko Amurka, ƙaramin batirin nan na kan bod ya tsufa, in ya mutu sai BIOS ta mance saitinta, kwanan wata ya koma baya, injin da aka sa masa tsarin a Legacy, wato tsohon salon tashi, ya koma sabon salon UEFI ko akasin haka. Shiga BIOS ka duba ko tana ganin diskin ma, ka duba jerin wanda za a fara tashi da shi. Wasu injinan kuma saitin da BIOS ke haɗa diskin da shi na kan RAID ko Intel RST maimakon AHCI, amma in akwai Windows a gefe kar ka canza wannan kai tsaye, ita ma za ta iya ƙin tashi.

In kuma allon ya nuna grub rescue, to BIOS ta yi nata, GRUB ne ya farka bai ga sauran kayansa ba. Wannan na yawan faruwa da masu Windows da Linux a inji ɗaya, mutum ya shiga Windows ya ga wani fatishin da bai gane ba ya goge ko ya rage masa girma. Buga ls zai jero maka abubuwa irin (hd0,gpt1) da (hd0,gpt2), ka bi su ɗaya bayan ɗaya da ls (hd0,gpt2)/ har ka ga wanda ke da boot da etc da home. Daga nan set root=(hd0,gpt2), sai set prefix=(hd0,gpt2)/boot/grub, sai insmod normal, sai normal. Wannan tashin na wucin gadi ne fa, da ka shiga ka yi grub-install da update-grub in ba haka ba gobe ma nan za ka dawo.

Yanzu mu zo kan kenel, don nan ne ainihin maganar. Kenel ita ce zuciyar tsarin, ita Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, kuma a gaskiya ita kaɗai ce sunanta Linux, su Ubuntu da Debian da Fedora da Mint kayan da aka jera a kanta ne. Aikinta magana da ƙarfe: diski, RAM, kibod, katin waya-fai, allo. Kuma ba ta iya magana da kowane ƙarfe sai da direbansa, wato ɗan shirin da ya san yaren wannan ƙarfen.

Ga inda matsalar take. Lokacin harhaɗa kenel, wato gina ta daga tushen rubutunta, akwai wani fayil mai suna .config, cikinsa dubban tambayoyi ne, yawancinsu amsarsu ɗaya ce cikin uku. In ka ce y, direban yana shiga cikin jikin kenel ɗin, duk inda ta je yana tare da ita. In ka ce m, ana yin sa mojul, a ajiye shi a kan diski cikin /lib/modules, sai an buƙace shi a ɗauko. In ka ce n, babu shi kwata-kwata. To yi tunani, direban da ake buƙata don karanta diski ka mai da shi m, an ajiye shi a kan diskin da ba a iya karantawa sai da shi. Ka kulle ɗaki makullin yana ciki kenan. Wannan ne dalilin initramfs, wani ɗan ƙunshin guzuri ne da GRUB ke miƙa wa kenel tun a RAM, cikinsa akwai direbobin da za ta buƙata kafin ta kai ga diski, da 'yan kayan aiki na BusyBox. Shi ya sa Ubuntu ɗaya ke iya tashi a kan HP da Dell da Lenovo daban-daban, sun mai da kusan komai mojul sun zuba muhimman a guzurin.

In guzurin ya ɓace ko ya lalace, ko kuma babu direban a ciki, sai ka ga shahararren saƙon nan: Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0). A wasu injinan har fitilar Caps Lock za ta dinga ƙiftawa. Mutane na ganin kalmar panic su ma sai su firgita, amma dan Allah ka kalli lambobin nan biyu na ƙarshe, don su ne labarin. Sifili da sifili na nufin kenel ba ta gano na'urar da aka ce mata ba sam, wato ko direban diskin ne babu, ko initramfs ɗin bai lodu ba. Amma in ka ga wani abu kamar (8,2), to ta ga diskin, 8 lambar diskokin sd ce, 2 kuma sda2 kenan, abin da ta kasa shi ne karanta abin da ke ciki, mai yiwuwa direban tsarin fayil ɗin ne, wato yadda aka jera fayiloli a fatishin, irin ext4 ko btrfs, ba a sa ba. Kaga cuta biyu daban, magani biyu daban, duk a lamba biyu.

Akwai wani ƙaramin abu kuma da ya taɓa cinye min yini guda. A GRUB ana rubuta root=UUID=wata doguwar lamba ta shaida da ke nuna inda tsarin yake, amma kenel ita kaɗai ba ta san fassara wannan UUID na tsarin fayil ba, initramfs ne ke yi mata. In ka harhaɗa kenel ka ce ba ka son initramfs tunda ka sa komai y, to sai ka ba ta root=/dev/sda2 ko root=PARTUUID=, wannan ta sani.

Yadda na koyi abin nan da kyau kuwa, wani lokaci ne aka kawo min tsofaffin kwamfutoci na wani ɗakin koyon kwamfuta a Mamobi, RAM ɗinsu kaɗan, na ce bari in yi musu kenel mara nauyi. Na yi amfani da make localmodconfig, wanda aikinsa shi ne ya duba mojul ɗin da ke aiki a injinka a daidai lokacin, ya kashe duk sauran. Dabara ce mai kyau, harhaɗawar da ke cin sa'o'i a tsohon inji sai ta ragu sosai. Amma a laftof ɗina na yi aikin, ita kuma diski irin NVMe ne a cikinta, su kuwa tsofaffin diskokin SATA ne, direban AHCI da suke buƙata bai shiga ba. Na kai, na sa a ta farko, sai unknown-block(0,0). Kuma ko a inji ɗaya ne, in filash ba ya jone lokacin da ka buga umarnin, za ka iya tashi da sabuwar kenel ka sa filash ta ƙi ganinsa, haka ma na'urar waya-fai ta USB da firinta. Don haka ka jona duk abin da kake amfani da shi kafin ka buga, kuma a kan injin da zai yi amfani da kenel ɗin.

Ga mai son fara harhaɗa tasa, shawarata kar ya fara daga farar takarda. Kwafi saitin kenel ɗin da ke aiki yanzu, yana nan a /boot da suna config da lambar kenel ɗin, ka mai da shi .config a cikin sabon tushen, ka buga make olddefconfig don sababbin tambayoyi su ɗauki amsar da aka tanadar. Sannan make menuconfig, in kana neman abu danna / ka rubuta sunansa, zai nuna maka inda yake da abubuwan da ya dogara a kansu, don wani zaɓin ba ya ma bayyana sai ka kunna wani. Waɗanda nake dubawa kullum kafin in ci gaba su ne CONFIG_SATA_AHCI da CONFIG_BLK_DEV_NVME da CONFIG_EXT4_FS da CONFIG_BLK_DEV_INITRD da CONFIG_DEVTMPFS, na ƙarshen nan systemd ba ya aiki ba tare da shi ba. Ka canza abu kaɗan-kaɗan ka gwada, in ka kashe abu hamsin lokaci ɗaya ta ƙi tashi, wanne za ka kama? Kuma ka ba ta suna a CONFIG_LOCALVERSION don ka bambance ta da ta asali.

Masu Ubuntu, in kun kwafi saitinsu harhaɗawar kan tsaya da kukan No rule to make target debian/canonical-certs.pem, ba wani abu ba ne, takardar shaidar Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ce da babu ita a tushen kernel.org, ku bar CONFIG_SYSTEM_TRUSTED_KEYS da CONFIG_SYSTEM_REVOCATION_KEYS fanko shi kenan. Sannan make modules_install ne ke gaba da make install, kuma ku ƙara INSTALL_MOD_STRIP=1, in ba haka ba mojul ɗin na zuwa da bayanan bincike masu nauyi, initramfs ya kumbura ya cika /boot.

Cikar /boot ɗin nan ma babbar cuta ce ko ga wanda bai taɓa harhaɗa komai ba. In fatishin ɗin ƙarami ne kuma tsofaffin kenel sun taru, sabuntawa na zuwa ta rubuta rabin initramfs wuri ya ƙare, ta ce No space left on device, mutum bai lura ba ya kashe inji, gobe sai panic. Haka ma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, wanda duk wanda ya yi zaman Accra lokacin dumso, wato yawan ɗauke wutar nan na 2015, ya san yadda wannan yake. Maganin na kusa: lokacin kunnawa ka riƙe Shift in Legacy ce, ko ka danna Esc in UEFI ce, menu na GRUB ya fito, ka shiga Advanced options ka zaɓi tsohuwar kenel. Ta tashi? To df -h ka ga wurin da ya rage, apt autoremove ya share tsofaffin da ba a buƙata, dpkg --configure -a ya ƙarasa abin da ya katse, sai update-initramfs -u -k all, sai update-grub. A Fedora dracut ne ke aikin gina initramfs, a Arch kuma mkinitcpio. Wannan ne ya sa ba na yarda kowa ya goge tsohuwar kenel sai sabuwar ta yi kwanaki tana aiki lafiya, yaron shagona ya haddace wannan kafin ma ya koyi buɗe laftof.

Wani abu da ya kamata kowa ya iya, hoton nan mai kyau da ke juyawa lokacin tashi rufe maka ido yake yi. A menu na GRUB danna e, ka nemi layin da ya fara da linux, ka goge quiet splash, ka danna F10 ko Ctrl da x. Yanzu za ka ga komai yana wucewa layi-layi, inda ya tsaya ka ɗauki hotonsa da waya. Canjin na tashi ɗaya ne kawai, ba ya zama, don haka kar ka ji tsoron gwadawa.

In aka jefa ka cikin initramfs kamar Malam, labari ne mai daɗi a wani ɓangaren, don kenel ta tashi lafiya. Ko dai tsarin fayil ne ya hargitse yana son fsck, ko kuma ka ga ALERT! UUID kaza does not exist, wato an aike ta neman fatishin da babu shi. Buga blkid ko cat /proc/partitions. In diskin ya fito amma lambar ta bambanta, to an canza fatishin ko an yi kwafin diski ba a gyara GRUB da fstab ba, wato fayil ɗin da ke jera diskokin da za a haɗa lokacin tashi. In bai fito ba sam, mun koma maganar direba ko saitin BIOS. Abu ɗaya dai, kar ka taɓa yin fsck a kan fatishin da aka riga aka ɗora, wato aka yi masa mount, ana rubutu a kai, nan ne gyara ke zama ɓarna.

Zangon systemd kuwa, mafi yawan abin da nake gani fstab ne. Mutum ya sa diskin waje a /etc/fstab don ya dinga hawa da kansa, ran nan ya bar shi a gida, sai inji ya tsaya yana cewa A start job is running, ya ƙirga minti ɗaya da rabi, ya faɗa emergency mode. Ka shiga, in ta ƙi rubutu ka buga mount -o remount,rw /, ka buɗe fstab ka sa # a gaban layin, ko mafi kyau ka ƙara masa nofail. journalctl -xb zai nuna maka abin da ya faɗi a wannan tashin, journalctl -b -1 kuma na tashin da ya gabata in injin na ajiye tarihin.

Sai baƙin allo tsit bayan komai ya wuce. Danna Ctrl da Alt da F3, in ya ba ka wurin sa suna da fasuwod to tsarin na raye, hoto ne kawai matsalar. nomodeset a layin GRUB kan shigar da kai ka gyara, amma sanda ce ta dogarawa, kar a bar ta har abada. Masu katin hoto na NVIDIA su buga dkms status su duba, don direban ana sake harhaɗa shi ne da kowace sabuwar kenel, in ya kasa sai duhu. Secure Boot, wani tsaro na UEFI, ma na shigowa nan, yana hana mojul ko kenel da ba a sa wa hannu da makullin shaida ba, shuɗin allon nan na MOK da mutane ke tsallakewa da sauri shi ne wurin rajistar makullinka. Kenel ɗin da ka harhaɗa da kanka ma ba za ta tashi ba in Secure Boot na kunne sai ka sa mata hannu ko ka kashe shi. A watan Agusta na 2024 wata sabuntawar Windows ta sa injina masu Windows da Linux da dama sun ƙi tada Linux da wani saƙon Secure Boot mai ambaton SBAT, a nan ma fayilolin mutane lafiyarsu ƙalau, ƙofar shiga ce kawai aka rufe.

In duk ƙofofin sun ƙi, sai filash mai Linux a kai, ni kullum akwai ɗaya a ɗaure da makullin shago. Ka tashi da shi, ka ɗora fatishin ɗin a /mnt, in UEFI ce ka ɗora na EFI a /mnt/boot/efi, ka haɗa /dev da /proc da /sys da mount --bind, ka buga chroot /mnt, kaga ka shiga gidan ta taga, kana iya sake sa kenel, ka sake gina initramfs, ka gyara GRUB. Amma kafin ka taɓa komai kwafe home ɗin mutum, inda fayilolinsa suke, zuwa wani diski, ko da yana tsaye a kanka yana sauri.

Na Malam ma ban bar shi ya tafi haka nan ba. fsck sau ɗaya bayan ɗauke wuta ba abin tsoro ba ne, ext4 na da littafin da take rubuta abin da za ta yi kafin ta yi, shi ya sa yawanci take farfaɗowa da kanta. Amma in ta fara neman fsck da hannu akai-akai, to a zargi diskin ko RAM. Na duba da smartctl -a /dev/sda, na ga Reallocated_Sector_Ct ya fara hawa, Current_Pending_Sector ma ba sifili ba, duka biyun ƙirgen wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa a diskin ne, dmesg kuma na nuna I/O error nan da can. Na ce masa Malam diskin nan ya gaji, yau ya tashi amma ban ba ka tabbacin wata mai zuwa ba. Muka kwafe fayilolin makarantar a filash biyu nan take, ɗaya ya ce zai bar wa shugaban makarantar. Bayan sati biyu ya dawo da kuɗin SSD da na batiri, na kwafe masa tsarin gaba ɗaya zuwa sabon diskin, na duba UUID a fstab ya dace da abin da blkid ya nuna, na sake sa GRUB, ya kunna da hannunsa ya buɗe jerin sunayen 'yan aji uku ya ga suna nan.